Madubin hangen taurari mai faɗin milimita 130: abin da ya nuna mini a Bauchi da abin da ya gaza

A watan Satumban 2024 na sayi na'urar hangen taurari daga wani shago da ke Legas, aka ɗoro mini ita a mota, na je tasha na karɓo ta cikin kwali biyu. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a nan Bauchi, kuma na shafe shekaru ina zana wa ɗalibai zoben duniyar Zuhal a allo alhali ni kaina ban taɓa ganinsa da idona ba. Kuɗin da na biya ya kai na wayar hannu mai matsakaiciyar daraja, wanda ba ƙaramin abu ba ne a albashin malami, shi ya sa na jira har na yi fiye da shekara ina amfani da ita, ta ga hunturu da bazara da damina, kafin in faɗi ra'ayina a kanta.

Na'urar irin wadda Isaac Newton ya ƙirƙiro ce a 1668, wato ba gilashi ne a bakinta ba, madubi ne mai ɗan zurfi kamar tasa a can gindin bututun. Shi ke tattara haske ya maido shi kan wani ƙaramin madubi da ke karkace, wannan kuma ya tura shi gefe zuwa gilashin da ake sa ido. Faɗin babban madubin milimita 130 ne, nisan da yake tattara hasken kuma milimita 650. Ta zo da gilashin ido guda biyu, na milimita 25 da na milimita 10, kuma lissafin girman da za su ba da mai sauƙi ne, domin raba 650 ake yi da lambar gilashin: na farko ya ninka girman abu sau 26, na biyu sau 65. Na kawo wannan lissafi ne saboda tambayar farko da kowa ke yi mini ita ce sau nawa take ƙara girma, kuma a nan ne masu sayarwa suka fi yaudarar mutane. Akwai ƙananan na'urori da ake rubuta sau 500 da wani abu a kwalinsu, alhali ƙa'idar da aka sani ita ce girman da ke da amfani ba ya wuce ninki biyu na faɗin madubi a milimita. Tawa ke nan iyakarta wajen sau 260, kuma ko wannan sai a daren da iska ta kwanta sarai. Abin da ya wuce haka dishi-dishi ne kawai aka kumbura.

Daren farko bai yi daɗi ba. Duk tauraron da na nufa sai ya fito da ɗan jela a gefe ɗaya, kamar an goge alli da yatsa. Na kira shagon, wanda ya ɗauka ya ce mini wataƙila idona ne bai saba ba. Sai da na yi kwana uku ina bincike na gane cewa jijjigar hanya ce ta gusar da madubin daga saitinsa, kuma akwai kusoshi uku a gindin bututun da ake murɗawa sannu a hankali har madubai biyun su fuskanci juna daidai. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan wannan ba. Na huda ƙaramin rami a tsakiyar murfin roba na leƙa ta ciki na daidaita su, aikin da ya ci mini yamma guda a karon farko, yanzu kuwa minti biyar ya ishe ni. Duk wanda zai sayi irin wannan na'ura a ɗoro masa ita daga nesa, ya sa a ransa cewa sai ya koyi wannan aiki, domin ba zai sami mai gyaranta a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ba.

Da madubin ya zauna, wata ne ya fara biya na wahalata. Ba daren sha huɗu ne ya fi kyan kallo ba, kamar yadda mutane ke zato, domin a lokacin hasken rana na sauka a kansa kai tsaye, babu inuwa, sai fari fat mai kashe ido. Daren bakwai zuwa goma ne abin kallo, a daidai iyakar haske da duhu, inda duwatsu ke jefa doguwar inuwa, bakin ramuka kuma ya fito kamar gefen kwarya. Ramin da ake kira Copernicus, mai faɗin kusan kilomita 93, ana ganin matakalar bangonsa da 'yan tsaunukan da ke tsakiyarsa. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya ji labarin saukar 'yan sama-jannatin kumbon Apollo 11 a kan wata a rediyo a Yulin 1969 kuma har yau bai gama gaskatawa ba, ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Malam, to ina tutar da suka ce sun kafa?" Na ce masa, "Baba, ga shimfiɗar da suka sauka can, waccan mai duhu-duhu, amma wata yana da nisan kusan kilomita 384,000, kuma wannan madubi ba ya rarrabe abin da bai kai kilomita biyu ba." Ya ce shi dai ya ga ramuka, maganar tuta kuwa tana nan inda take. Ban ja da shi ba, domin babu wani madubi a doron ƙasa, komai girmansa, da zai nuna masa ita.

Makon da na fi cin moriyar na'urar, abin kunya ne a faɗa, shi ne makon da jama'a suka fi shan wahala. A ƙarshen Oktoban 2024 layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako guda babu lantarki, masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda suka tafka asara. Ruwan sama ya ɗauke, hazo bai riga ya sauko ba, gari kuma ya yi duhu. A wannan makon na ga tauraro mai wutsiya na Tsuchinshan-ATLAS, wanda aka gano a 2023 daga ƙasar Sin da Afirka ta Kudu, yana yamma bayan Magariba, ya fara dusashewa amma wutsiyarsa na nan a cikin gilashin milimita 25. Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ga su gommai sun cika gilashin har sun yi ambaliya. A nan na fahimci cewa duhun sama ya fi kowace lamba da ke jikin kwali muhimmanci. Fitilun titi masu aiki da hasken rana da suka yawaita a cikin gari alheri ne ga mai tafiya da dare da mai shayi da mai tsire, ba na fatan a cire ko ɗaya, sai dai wadda ke ƙofar gidanmu ta shafe mini rabin sama. Idan ina son ganin abubuwa masu raunin haske, sai na ɗauki kayan a mota na fita bayan gari ta hanyar Dass ko wajen madatsar ruwa ta Gubi.

Duniyoyi kuwa ba ruwansu da fitilar titi. Mushtari ya yi kusa da mu a farkon Disamban 2024, kuma a sau 65 ana ganin ɗamara biyu masu ruwan ƙasa a jikinsa, da manyan watanninsa huɗu da Galileo ya gano a Janairun 1610, a jere kamar an ɗiga su da bakin allura. Na sa 'yan ajina su riƙa zana matsayinsu dare bayan dare, suka ga da idonsu cewa suna sauya wuri, wani ma ya ɓuya ya sake fitowa. Ya yi mini daɗi in nuna musu Europa, ɗaya daga cikin watannin nan huɗu, in gaya musu cewa kumbon Europa Clipper, wanda hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a ranar 14 ga Oktoban 2024, yana kan hanyarsa ta zuwa can, kuma sai a 2030 ake sa ran isarsa. Zuhal ne ya ɗan ba ni kunya, amma ba laifin na'urar ba ne. Na saye ta a lokacin da zoben ke juyo mana da kaifinsa, abin da ke faruwa kusan duk shekara 15, kuma ya kai ƙarshen siririntarsa a Maris na 2025, don haka abin da na gani kamar ƙwallo ne da aka soke da tsinke. Zara matar wata, a Fabrairun 2025, ta fito da siffar jinjirin wata, abin da ya fi komai ba matan gidanmu mamaki.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi jan hankalin mutanenmu, wato duban watan azumi da na salla. Mutum uku sun tambaye ni ko su sayi irinta don wannan aiki, kuma amsata ita ce a'a. Fagen da take nunawa ƙunci gare shi, bai kai faɗin yatsa biyu ba idan ka miƙa hannu, jinjirin wata kuma yana ƙasa-ƙasa cikin jan sararin yamma inda babu wani tauraro da za ka kama hanya da shi. A yammacin 28 ga Fabrairun 2025 na hau bene da manhajar Stellarium a waya tana nuna mini inda ya kamata ya kasance, na yi ta lalube har ya faɗi ban same shi ba. Da dare Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganinsa, muka tashi da azumi, washegari kuma na gan shi da ido tsirara. Ƙaramin madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda bai kai rabin kuɗin wannan ba, ya fi ta dacewa da aikin nesa ba kusa ba. Akwai kuma haɗari: wanda ya fara lalube kafin rana ta gama faɗuwa, idan ta faɗo cikin madubin, ƙiftawa ɗaya ta isa ta ƙone masa ido har abada. Saboda yara, da rana na'urar a ɗaki take, a rufe, gilasan kuma suna aljihun tebur mai makulli.

Hunturu shi ne babban abokin gabarta. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu akan yi darare a jere da hazo ke shanye komai in ban da wata da Mushtari, ƙura kuma tana shiga bututun da bakinsa a buɗe yake ta kwanta a kan madubin. Kada a kuskura a goge shi da tsumma, domin rufin alminiyon da ke fuskarsa ya fi fatar albasa siranta, kuma ƙurar hunturu yashi ce mai karce. Ƙura kaɗan ba ta rage gani yadda ake tsoro. Sau ɗaya na wanke shi a shekara, da tataccen ruwa zalla irin wanda ake ƙara wa batirin mota da ɗigon sabulu, na jingine shi ya tsane da kansa. A bazara kuma sai an fitar da na'urar ta sha iska wajen rabin awa, in ba haka ba zafin da ke fita daga madubin zai sa hoton ya riƙa rawa kamar kwalta da tsakar rana. Ɗan manunin da ke saman bututun, mai jan ɗigo, yana da amfani ƙwarai, amma batirinsa mai kama da kwabo kan ƙare idan an manta ba a kashe ba, kuma na manta har sau uku.

Mutanen gari sukan yi mamakin yawan taurarin ɗan'adam da ke ratsa gilashin a farkon dare, ni kuma nakan yi amfani da damar in gaya wa yara cewa Nijeriya ma ta shiga wannan fage tun 2003 da NigeriaSat-1, kuma hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana da cibiyar nazarin siffa da motsin ƙasa a Toro, cikin jiharmu, abin da galibinsu ba su taɓa ji ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya cikin kusan minti 90 a tsayin wajen kilomita 400, gara a kalle ta da ido, domin ta fi ƙarfin a bi ta da wannan bututu.

Babban aibin na'urar yana ƙasanta ne. Ƙafafunta uku na siririn ƙarfe ne, taɓa ta kaɗan sai hoton ya yi ta karkarwa na 'yan daƙiƙoƙi, ga shi juyawar duniya na fitar da abin da ake kallo daga gilashin cikin minti biyu zuwa uku, dole a sake taɓawa. Mazaunin bututun kuma irin wanda ake saita shi da tauraron arewa ne, kuma a fili yake cewa an ƙera shi ne da mutanen Turai da Amurka a rai, inda wannan tauraro ke can sama. A Bauchi digiri 10 kawai yake ɗagawa daga doron ƙasa, sau da yawa katanga ko hazo sun tare shi, kuma idan aka kwantar da mazaunin zuwa wannan kusurwa sai ƙarfen nauyin da ke daidaita bututun ya riƙa bugun ƙafa ɗaya. Madubin ya cancanci kuɗinsa, mazaunin bai cancanta ba, kuma da na sani tun farko da na nemi wadda ke zaune a kan akwatin katako mai juyawa, irin da John Dobson ya yaɗa a Amurka, wadda ake turawa da hannu sama da ƙasa, dama da hagu, ba tare da wani saiti ba.

Makon jiya na kai bututun wurin wani kafinta a Yelwa, muka auna kaurinsa da inda nauyinsa ke daidaita, na zana masa akwatin a bayan takardar siminti. Ya duba zanen ya ce bai taɓa yi wa bindigar taurari gado ba, amma in dawo ranar Asabar da kusoshi huɗu da faifan roba mai santsi da za a shimfiɗa a ƙarƙashi.