Wata takwas ina hayar kujera a wurin masu aikin kwamfuta nan Sakkwato, ga abin da na gani

Abokai sun dame ni da tambaya a kan wurin nan da nike zuwa aiki kullum, wai ya cancanci kuɗɗinai ko ko a'a, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Ba zan kama suna ba don akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kai kuma mai wurin mutumin kirki ne, amma duk mai harkar kwamfuta a garin ga ya san inda nike nufi, bene ne, hawa na sama, kana biya na wuni ko na wata su ba ka tebur da kujera da wuta da intanet.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane mi ya kai ni can. Ni Abuja nike aiki da wani ƙaramin kamfani, ina rubuta masu manhaja, har korona ta shigo Najeriya ƙarshen Fabrairu 2020. Da anka fara raɗe-raɗin kulle sai na tattaro na taho gida, kwana kaɗan bayan haka, 30 ga Maris, anka rufe Abuja da Legas. Niyyata sati biyu in koma. Oga ya ce kowa ya ci gaba daga inda yake, munka koma Zoom da Slack, manhajojin mitin da hirar aiki ta intanet, aiki kuma bai tsaya ba ko na kwana ɗaya, abin da da can in ka roƙa a bar ka ka yi aiki daga gida sai a kalle ka kamar mai son zaman banza. Ban sake komawa Abuja da zama ba. A 2021 na samu aiki da wasu mutane a Amurka ta hanyar wani da munka yi jami'ar Danfodiyo tare, lokacin kasuwa ta buɗe ƙwarai, kamfanoni na ɗiban mutane ko ina suke a duniya muddin ka iya aikin kuma kana jin Turanci.

Amma aiki daga gida a Sakkwato wani abu ne daban wallahi. Watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, laftof na ɗaukar zafi har fanka nata na kuka, wuta babu, janareto na ci maka fetur. Ga baƙi, kuma baƙo ba a ce mai ina cikin mitin. Inna ta daɗe ba ta yarda aiki nike ba, takan leƙo ta ce "kai dai kullum kana ɗaki, yaushe za ka koma bakin aikinka?" in ce Inna ai aikin ke nan nike yi, ta ce to Allah shi taimaka, tashi ka kai ƙanwarka asibiti. Kuma dole ka tashi, ai uwa ce. Na jure haka shekaru, abin da ya karya ni shi ne cire tallafin mai a Mayun 2023, na zauna na yi lissafin fetur da data na wata na ga ba riba, duk da haka sai da na ƙara jan ƙafa kafin na zo na yi rajista.

To wuta dai ba ni da abin cewa sai yabo. Sola ce da inbata da batura manya, janareto na nan na ko-ta-kwana amma a wata takwas bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba na ji an tada shi. Rana kam Allah ya hore muna ita a nan, mai wurin ya san abin da ya yi da ya zuba kuɗɗinai a fanel. Ba a taɓa ɗauke wuta ina tsakiyar mitin ba, kuma wanda ya taɓa yin intabiyu wuta ta ɗauke allo ya yi baƙi shi ya san darajar wannan magana. AC biyu ne a babban ɗaki, da azahar a bazara suna wahala kaɗan in mutane sun cika, amma ba ka yin gumi.

Intanet ɗin Starlink ne, mai zuwa ta tauraron ɗan adam, wanda ya shigo Najeriya farkon 2023, da kuma wani layi na biyu da suke juyawa kai in buƙata ta taso. Ina kiran bidiyo awa biyu ba yankewa, ina tura aiki GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ba jira. Tun da anka ƙara kuɗɗin kira da data a 2025 ma wannan kaɗai ya rage min nauyi sosai. Kuɗɗin wuni bai kai abin da janaretona ke sha daga safe zuwa la'asar ba, na wata kuma ya fi sauƙi in kullum za ka zo. In sau biyu ne a sati kake buƙata to biya na wuni, kar ka yi na wata.

Yanzu ƙorafi. Na farko kuma mafi girma, ƙarfe takwas na dare suke rufewa. Wanga abu na ci min rai ƙwarai, don mu masu aiki da Amurka lokacin ne aiki ya yi zafi. Ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe biyu ne ko uku na rana a nan, ya danganta da lokacin shekara, mutanen California kuwa sai biyar ko shida na yamma suke shiga ofis, ke nan kana fara magana da su yaro na zagayawa shina kashe fitilu. Wanda ke aiki da Jamus ko Ingila ba ruwanai, agogonmu kusan ɗaya ne, bambancin bai wuce awa guda. Na sami mai wurin na ce Malam don Allah a duba, ko da ƙarin kuɗɗi ne za mu biya, ya ce maganar maigadi ce da tsaro, shina kan dubawa. Na gane uzurinai, amma wata huɗu ke nan.

Na biyu, ɗakin kira guda ɗaya ne tak, kuma bangon katako ne, duk abin da kake faɗi na waje na ji. Akwai ranar da nike maganar albashi da mutanena dole na sauka ƙasa na tsaya bakin mota cikin rana. Kujeru kuma rabi masu kyau ne rabi na roba irin na biki, in ba ka zo kafin tara ba bayanka zai gaya maka. Wurin sallah akwai, da buta da ruwa, an kyauta. Sai dai ɓangaren mata ya yi ƙanƙanta, tebur uku ne bayan labule, kuma na san mata aƙalla biyu masu zanen manhaja da sunka daina zuwa saboda haka, abin ya dame ni, don in akwai waɗanda aikin nesa ya yi wa rana a garin ga to mata ne, matar aure na iya riƙe aikinta ba tare da ta bar gari ba.

Abin da ban zata ba, kuma shi ya sa nike sabunta biya duk wata, mutane ne. Kasuwar ga ta canza ba kamar 2021 ba. Nuwamban 2022 Meta mai Facebook ta sallami mutum 11,000, Janairun 2023 Google 12,000, Microsoft 10,000, daga baya manyan kamfanoni sunka fara kiran ma'aikata su dawo ofis, Amazon ma ta ce kwana biyar a sati daga farkon 2025. Waɗanda anka sallama ɗin nan da su muke takarar aiki guda yanzu. Ga ChatGPT da 'yan uwanta sun ɗauke ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su. Ni kaina kwangilata ta farko ta ƙare ba zato, na yi wata uku ina tura takarda ba amsa, ni kaɗai cikin ɗaki, ba wanda zan gaya ma ya gane. A wurin ga kuwa in aikinka ya tsaya, na kusa da kai zai ce kawo CV ɗinka in gani, wani ya ce mutanena na neman mai gwajin manhaja, wani ya nuna maka yadda yake karɓar dalolinai ba tare da an zaftare mai da yawa ba. Aikin da nike yi yanzu a wurin shan shayi na ƙasan benen na ji labarinai.

Akwai yara da ke zuwa, wasu 'yan shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koya wa matasa aikin fasahar zamani, wasu ɗaliban Danfodiyo da na poli, suna haɗa kuɗɗi su biya na wuni. Ina jin daɗin ganinsu sosai, amma nakan gaya masu gaskiya, kujera ba ta ba da aiki. In har yanzu koyo kake kuma kuɗɗin a wurin Baba kake karɓa, zo ranar Asabar da ake zaman tattaunawa kyauta, sauke darussanka, ka koma gida ka yi ta gwadawa, ranar da ka samu mai biyanka sai ka yi na wata.

In za ka zo ka taho da abin kunnenka mai makirfo, da caja mai doguwar waya don soket ɗin jikin bango suke, kuma ka iso da wuri saboda kujera. Ni na riga na biya na wata mai zuwa, kuma gobe in sha Allah zan sake tuna ma Malam maganar ƙarfe takwas, mun kai mu shida yanzu da munka yarda mu haɗa kuɗɗin maigadin dare.