Hattara da masu sayar da tsofaffin 'yan tsana da hoton fitilar UV

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Ingila da Amurka, da duk mai sayayya a eBay ko kasuwar Facebook. Akwai wani salon damfara a harkar tsofaffin kayan wasan yara, kuma na ga tallansa ya fara shigowa guruf-guruf ɗinmu da sunan jari: wai ka saya ka ajiye, baɗi kuɗinka ya ninka.

Wanda bai san harkar ba zai yi dariya, ina babba ina 'yar tsanar roba? To akwai kuɗi a ciki. Kamfanin Kenner na birnin Cincinnati a jihar Ohio ya yi 'yan tsanan fim ɗin Star Wars daga 1978 zuwa 1985, mafi yawansu tsayinsu bai kai inci 4 ba, kuma Turawan da suka yi wasa da su suna yara su ne yanzu ke neman su da kuɗin manya. A 2024 an yi gwanjon wani samfurin ɗan tsanan Boba Fett (ɗaya daga cikin mutanen fim ɗin) mai harba roka, wanda ba a taɓa fitar da shi kasuwa ba, a kan fiye da dala miliyan 1.3. Irin wannan labarin ɗan damfara ke fara karanto maka. Abin da ba zai faɗa ba shi ne an buga waɗannan 'yan tsana da ɗaruruwan miliyoyi, mafi yawansu in ba sa cikin kwalinsu kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ga yadda ake yi. Mai kaya zai sa hoton ɗan tsana a ɗaki mai duhu, an haske shi da tocilar UV (irin fitilar nan ta gano jabun kuɗi), wani sashe na jikinsa yana walƙiya. A ƙasa ya rubuta cewa an gwada, ya tabbata na asali ne. Farashin ya yi ƙasa da na kasuwa, amma bai yi ƙasan da zai sa ka zargi ba. Sai ya ce akwai wani da ke jira, in kana so ka tura kuɗi yau.

Dalilin da ya sa mutanenmu ke saurin yarda a fili yake. Mun saba ganin 'yan canji suna sa takardar kuɗi ƙarƙashin irin wannan fitila su gane jabu. Amma ita takardar kuɗi da gangan aka saka mata alamomin da fitilar za ta fito da su. Ɗan tsanan Kenner ba wanda ya saka masa komai. Masana'antu daban-daban ne suka buga su, a Hong Kong da Taiwan da Makau da Sin, ga kamfanin Lili Ledy a Meziko, ga kayan da kamfanin Palitoy ya rarraba a Ingila, kowace da haɗin robarta da launinta. Shi ya sa za ka jera 'yan tsana biyu na asali, iri ɗaya, ka haska su, ɗaya ya yi walƙiya ɗaya ya yi shiru. Kai, ko a jikin guda ɗaya ma: gangar jikin robar ABS ce mai tauri, hannuwa da ƙafafu na PVC ne mai laushi, ba lallai su amsa haske iri ɗaya ba. Babu wani launi guda da za a ce shi ne shaidar na asali.

Sannan walƙiyar kanta ba wuyar ƙirƙira gare ta ba. Omo na wanki yana da sinadarin ƙara hasken farin kaya, wanda ke ɗaukar shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin UV; a wanke ɗan tsana da shi ba a ɗauraye sosai ba, sai ka ga lungunansa suna haske. Tocilar ma iri-iri ce. Ta araha, mai lamba 395, tana zubo hasken shunayya da ke rina komai. Mai 365 ce ke nuna abin da ake son gani. Kyamarar waya kuma ta gyara launin yadda ta ga dama. To hoton da ya bi ta waɗannan hannaye uku, me ya tabbatar?

Ba ina cewa fitilar ba ta da amfani ba ne. Tana da shi sosai, amma a hannunka, kuma aikinta tona gyara. Ɗauki ɗan tsanan da gashin kansa ya goge a wurin wasa, aka bi da sabon fenti. Da rana sumul za ka gan shi. Ka haska shi a duhu, sai wurin da burushi ya taɓa ya fito daban da kewayensa, wani lokaci ɗigo mai duhu, wani lokaci mai haske, har ka ga inda hannun mai gyaran ya zame a gefen kunne. Haka gam: kwalin da aka ɓalle ledarsa aka sake liƙewa sau da yawa yakan nuna zobe a bakin ledar. Kwalin da aka buga jiya a farar takardar firinta shi ma yakan yi wal. Lura da cewa ɗan damfara ba ya taɓa haska waɗannan wurare. Bayan ɗan tsanan, ƙarƙashin ƙafa, bakin leda, duk ba sa cikin hoton.

Inda aka fi cutar mutane shi ne ƙananan kayan haɗi. Ɗan tsanan Jawa (wata 'yar gajeruwar halitta a fim ɗin) na farko a 1978 ya fito da mayafin leda, ba da jimawa ba aka canza shi da na yadi, don haka mai ledar ya yi tsada ƙwarai. Abin da mazambata ke yi, su samo mayafin ledar wani ɗan tsanan, Obi-Wan Kenobi, wanda ke ko'ina, su rage shi da almakashi su sa wa Jawa. Ka ga ledar tsohuwa ce ta gaske, ta Kenner ce, shekarunta sun kai. Ko fitilar wa aka kawo ba za ta ce uffan ba. Sai an duba launi, da yankan gefe, da girman ramin hannu, da saƙar da ke jikin ledar, aka kwatanta da wanda aka tabbatar. Bindigogi da takubban jabu kuwa sun cika kasuwa, wasu sun ƙware har gwajin da aka saba yi na jefawa a ruwa a ga ko za su taso ba ya kama su.

In har sai ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. Nemi hotuna a hasken rana, gaba da baya, da rubutun da ke bayan cinya mai ɗauke da shekara da ƙasar da aka buga shi. Ka ce ya rubuta sunansa da kwanan watan ranar a takarda ya ajiye a gefen kayan, domin da yawa hoton wani suke sata. Abu mai tsada a ce ya bi ta hannun masu tantancewa irin su AFA ko UKG, kuma ka bincika lambar da ke jikin akwatin da kanka. Mai kayan gaskiya ba ya fushi da waɗannan tambayoyi.

Batun biya shi ne na ƙarshe kuma a nan tarkon yake. Zai ce ka tura ta PayPal a layin 'yan uwa da abokai don a kauce wa caji, ko ta banki kai tsaye, ko katin kyauta. Kada ka yarda. A PayPal, layin sayen kaya ne kaɗai ke ba ka damar kai ƙara in abin da ya iso ba shi ne aka nuna maka ba. Duk wanda ya ce ku bar eBay ku ƙarasa a WhatsApp zai rage maka, toshe shi, ka kai rahoton shafinsa.