Carnage: an je sulhun yara, iyaye sun ɓige da tonon asiri

Jiya da daddare na kalli Carnage, fim ɗin darakta Roman Polanski na 2011, wallahi na sha dariya amma irin dariyar nan da kake yi kana jin kunya a madadin mutane. Asalinsa wasan dabe ne na wata marubuciya 'yar Faransa, Yasmina Reza, shi ya sa kusan komai a falo ɗaya ake yinsa, wajen minti 80 kacal. Labarin a Brooklyn ta New York yake amma a Paris aka ɗauke shi, tunda Polanski tun 1978 da ya gudu ya bar shari'a ba ya taka Amurka.

Yara biyu ne suka yi faɗa, ɗaya ya maka wa ɗaya sanda a baki har haƙora biyu suka samu matsala. Sai iyayen wanda ya yi dukan, Kate Winslet da Christoph Waltz, suka zo gidan iyayen wanda aka doka, Jodie Foster da John C. Reilly, wai a sasanta cikin mutunci. Da farko sai fara'a, ga kofi ga kek, kowa na nuna shi wayayye ne, har su yi sallama su kai bakin lifta sai wani ya yar da magana a sake dawowa ciki.

Ni dai Waltz ne ya tafi da ni. Lauya ne, wayarsa ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba, yana cusa kek ɗin mutane a baki yana koya wa kamfanin magani yadda za su musanta cewa maganinsu na da illa, ashe ma maganin ne uwar mai gidan take sha! Ana cikin haka matarsa ta kwara amai a kan littattafan zanen Foster, ita kuwa Foster maimakon ta ce sannu sai kukan littafinta take. Da wiski ya shiga tsakani kuma shikenan, mata suka haɗe wa maza kai, can kuma kowa ya juya kan nasa, Winslet ta fizge wayar nan ta tsoma a ruwan furanni, gogan naka ya zube ƙasa kamar an yi masa rasuwa, ana ta busa waya da na'urar busar gashi.

Inda ya gaza, akwai lokacin da za ka ce haba ku tafi gida mana, waye ya ɗaure ku? A dandamali hakan zai fi shiga. Kuma ihun Foster wajen ƙarshe ya yi yawa, har jijiyar wuyanta kana gani. In ba ka son fim ɗin surutu zalla kada ma ka fara. Ga shi ya yanke kwatsam, sai kawai aka nuno yaran can a filin wasa sun shirya abinsu suna hira.