AR-556 ta gama-gari ko MPR: amsa ga ƙaninmu na Houston

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da war haka. Na ga tambayarka tun daren jiya, cewa za ka sayi bindiga, kana tsakanin AR-556 ta gama-gari ta kamfanin Ruger da 'yar'uwarta MPR, kuma mai shago ya ce maka tazarar kuɗinsu ba ta kai dala 200 ba. Ba zan ja ka da nisa ba, ɗauki MPR. Ita ce a gidana, kuma da za a ce yau in sake saye, ita zan sake ɗauka.

Su biyun uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kamfani ɗaya ya ƙera su, ta gama-garin ta fito a 2014, MPR ta biyo baya a 2017. Gangar jikinsu iri ɗaya ce, harsashinsu ɗaya, wato mai lamba 5.56, kuma duk suna cin mai lamba .223. Gidan harsashin da ya shiga wannan zai shiga waccan. Ko da yake kamanninsu na bindigar soja ne, ba ita ba ce: ja ɗaya harbi ɗaya suke yi, ba sa ɓarin wuta. Don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa mai tsadar ta fi ƙarfi. Abin da kake biya a kai shi ne yadda za ta saurare ka in ka ɗora ta a kafaɗa.

Kunama ita ce kan gaba. Ta gama-garin tana zuwa da kunama irin wadda aka saba sa wa bindigogin soja, mai nauyin ja wajen laba 6 zuwa 8. Ja kake yi tana turjewa kamar ƙofar katako da ta sha damina, ba ka san inda za ta saki ba sai ka ji ta tashi. Soja hakan ya yi masa daidai, don yana gudu, yana sanye da safar hannu, ba a son ta tashi da ƙaramin taɓi. Kai kuwa da za ka zauna kan benci kana neman tsakiyar takarda, duk ƙarfin da yatsanka ya ƙara sai ya karkatar da bakin bindigar, ko da kaurin gashi ne. Kaurin gashi a nan, a yadi 200 ya zama tazarar da za ka gani a takarda. MPR tana zuwa da kunamar da suke kira Elite 452, mai hawa biyu, nauyinta laba 4 da rabi. Ka fara ja za ka ji ta taho da sauƙi, sannan ta tsaya cak. A nan za ka tsaya kai ma, ka gyara numfashi, ka duba saitinka. In ka ga abin bai yi maka ba, ka saki yatsa, ba abin da ya faru. In ya yi, ɗan ƙari kaɗan sai ta tashi.

Akwai wani abokinmu ɗan Damagaram, direban babbar mota, da na taɓa ɗauka zuwa filin harbi a bayan gari wata Asabar da safe. Bawan Allah bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta farauta. Muka fara a yadi 50 kan takarda, hannunsa na rawa, yana rufe ido kafin ya ja. Na cire gidan harsashi, na duba ciki babu komai, na ce ya yi ta jan kunamar a wofi har sai ya gane inda take tsayawa. Can sai ya ce, af, ashe tana faɗa maka kafin ta tashi. Daga nan muka koma layin nesa, inda aka rataye faranti na ƙarfe a yadi 200. Ya ɗora ta kan buhun yashi, ya ja, aka yi ɗan shiru, sannan ƙarar farantin ta iso mana, ƙwal! Ya buɗe baki zai rangaɗa kabbara, na dafa kafaɗarsa na ce Malam, a yi ta a zuci, nan Texas ne. Wani dattijo Bature da ke benci na gaba ya ɗaga masa babban yatsa. Har muka koma gida labarin farantin nan yake yi, kuma rabin wannan harbin kunamar ce ta yi masa.

Sai marikin gaba, inda hannun hagu ke kamawa. A ta gama-garin na roba ne, gajere, kuma a maƙale yake da bututun bindigar. Ma'ana, in ka jingina ta a kan buhu, ko ka ja maɗauri da ƙarfi, nauyin yana sauka kan bututu ya ɗan tanƙwara shi, harsashi ya sauka ba inda ya sauka ɗazu ba. Na MPR na alminiyam ne, tsawonsa inci 15, an ɗaure shi a gangar jiki kaɗai, bututun yana cikinsa bai taɓa komai ba. Jingina yadda ka so, bututun bai san ana yi ba. Yana kuma da ramuka irin na M-LOK, in kana son ɗaura ƙafafu ko fitila ko maɗauri, sukurori biyu ne an gama. Dogon mutum irinka zai ji daɗin samun wurin miƙe hannu.

Na uku ba a ganinsa da ido sai an harba. Irin waɗannan bindigogi da hayaƙin albarushi suke sake ɗura kansu: akwai 'yar huda a jikin bututu, hayaƙin ya bi ta wani siririn bututu ya koma baya, ya tura ƙarfen da ke fitar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. A ta gama-garin hudar tana kusa, wajen inci 7, don tsarin M4 ta soja aka bi, mai bututu inci 14 da rabi, sai aka ƙara tsawon ya kai inci 16 saboda abin da dokar tarayya ta Amurka ta yarda farar hula ya saya kai tsaye ke nan. Hayaƙin yana komawa da zafinsa, sai ka ji ta fizge. MPR bututunta inci 18 ne, hudar tana can wajen inci 12, hayaƙin ya ɗan huce kafin ya koma. Naushinta a kafaɗa mai laushi ne, idonka ba ya barin abin da kake saiti.

Ta gama-garin? Tana harbi, ba ta da laifi, kuma tana zuwa da saitin ƙarfe gaba da baya, ka fitar da ita daga kwali ka tafi fili. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Abin da ke faruwa da yawancin masu sayenta shi ne, bayan 'yan watanni sai su fara gyara. Kunama mai kyau ita kaɗai ta haura dala 100. Marikin alminiyam wani kuɗin ne. Kafin a sa shi kuma sai an cire dogon saitin nan na gaba, wanda da fil aka kafe shi a bututu, kuma shi ne ke riƙe da hanyar hayaƙin, don haka sai an sayi wani ƙaramin ya maye gurbinsa, a biya maƙeri ladan aiki. Ka haɗa lissafi ka gani, ya wuce tazarar da mai shagon ya faɗa maka, kuma hudar hayaƙin tana nan inda take, ba mai matsar da ita.

Amma ka sani, MPR tsirara take zuwa, babu saiti ko ɗaya a kanta. Dole ka ware kuɗin madubi ko na'urar jan ɗigo tun ranar farko, in ba haka ba ka sayi abin da ba za ka iya auna komai da shi ba. Ni madubi mai kusanto da abu daga 1 zuwa 6 na ɗora, ya ishe ni takarda, ya ishe ni gona. Sannan abin da aka ɗaura a bakinta don rage naushi yana watsa ƙara gefe da gefe. A fili buɗaɗɗe ba damuwa, amma a rufaffen wurin harbi maƙwabcinka zai harare ka. Ka sa toshiyar kunne ta ciki, ka ɗora ta waje a kai. Kunne in ya tafi ba ya dawowa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don 'yan damfara sun yi yawa a harkar nan. Akwai shafukan intanet da aka yi su tsaf, da hotuna da komai, su sa farashi rabin na kasuwa, sannan su ce ba sa karɓar kati sai manhajojin tura kuɗi irin su Zelle ko Cash App, ko kuɗin kirifto. Ka tura, shi ke nan, ka yi sallama da kuɗinka. Duk mai sayarwa na gaskiya a intanet ba zai aiko maka bindiga gida ba. Shagon mai lasisin tarayya, wanda ake kira FFL, zai aika wa, ka je can ka cike fom mai lamba 4473, a yi binciken FBI a kanka, ka biya 'yan daloli na karɓa, sannan a miƙa maka. Wanda ya ce zai kawo maka har ƙofa ba takarda, ko ɓarawo ne ko tarko ne.

A kasuwar baje kolin bindigogi kuma, ka kula da haɗe-haɗe. Mutum zai samo ɓangaren ƙasa na gangar jikin bindiga mai sunan babban kamfani, ya cika sauran da tarkacen da ba a san asalinsu ba, ya ce maka ai irin ta soja ce, ya tsuga kuɗi. Sunan da ke rubuce a gefe na wannan ɓangaren ne kaɗai, bai ce komai ba game da bututu ko ƙarfen ciki. Haka madubai: jabun Aimpoint da EOTech da Trijicon sun cika gari, har kwali da takardu ake kwaikwaya. In ka ga na dala 600 ana ba ka a 90, araha ba ta ado. Wanda kuma ya ja ka gefe ya ce yana da ɗan abin da zai sa ta riƙa ɓarin wuta, ko amsa masa kada ka yi. Mallakar wannan ɗan abin kaɗai laifin tarayya ne mai ɗaurin da ya kai shekara 10.

Tunda 'yan'uwa da yawa za su karanta, bari in ƙara wannan. Na san kai kana da katin zama na dindindin, doka ta ba ka dama. Amma ɗalibi da mai bizar ziyara da sauran masu bizar wucin gadi, dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga ko harsashi, sai da wasu 'yan keɓance-keɓance kamar lasisin farauta mai aiki. Kada kunya ta sa ka saya wa wani da sunanka, ko da wanka ne ciki ɗaya. Tambayar farko a jerin tambayoyin fom ɗin nan ita ce ko kai ne ainihin mai saye, kuma tun dokar 2022 saya wa wanda aka haramta wa yana iya kai mutum ɗaurin shekara 15, bayan an gama kuma a tasa ƙeyarsa gida. 'Yan'uwanmu na New York da Illinois da Kalifoniya, wannan shawara ba taku ba ce, jihohinku sun hana irin wannan ƙirar yadda take. Kai ma in aiki ya mayar da kai can wata rana, ka binciki doka kafin ka sa ta a mota.

Cikin kuɗin da ka ware, ka cire na akwatin ƙarfe mai makulli kafin na madubi. Gidajenmu ba sa rabuwa da yara, in ba naka ba na baƙi, ranar suna ko ranar Sallah sai ka ga sun shiga kowane ɗaki. A Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Ni a akwati take, gidan harsashi a cire, harsasai a wani wurin daban, kuma uwargida ta san yadda ake duba ko akwai wani abu a ciki. Ka nemi aji na yini ɗaya na masu farawa, yawancin filayen harbi suna yi, za a koya maka riƙo da tsayuwa da wankewa. Harsashi kuma ka sayi mai nauyin giren 55 (ma'aunin nauyin harsashi ke nan) na atisaye, kwali babba ya fi sauƙi, ba sai ka ɓata kuɗi a masu tsada ba tukuna.

Jakar da kake zuwa fili da ita, kada ta taɓa zama jakar tafiya gida. Harsashi ɗaya kan faɗa cikin aljihun jaka ya kwanta a ɗinki, ba za ka gan shi ba sai na'urar filin jirgi ta gan shi. A 2024 an kama Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos kan 'yan harsasan da suka manta a kaya, suka yi makonni suna zaryar kotu. Ka ƙaddara a Abuja ko Kano ko Yamai aka same shi, a wannan yanayi da ake ciki, wa zai tsaya jin bayaninka? Haka in kana loda mota a kwantena zuwa Legas ko Kwatano, ka duba ƙarƙashin kujeru da wurin safaya, ko kwanso ɗaya kada ya bi ta.