Ƙarin guringuntsi a ƙashi: enkondiroma ne ko kondirosakoma?

Malam, ka ce wata baiwar Allah mai shekara 52 ta zo daga Rigasa da ciwon gwiwa, eksire ya nuna tabo mai ɗigo-ɗigon fari a ƙasan ƙashin cinya, kamar santimita 4, kana son sanin yadda ake raba ƙari mai lafiya (enkondiroma) da ciwon kansa (kondirosakoma).

Farin nan mai kama da gugguru ba ya raba gardama. Iyakacin abin da yake faɗa shi ne ƙarin na guringuntsi ne, kuma enkondiroma da kondirosakoma duk suna da shi.

Fara da mazauninsa. A yatsun hannu kusan kullum enkondiroma ne, ko da ƙashin ya kumbura, ɓawonsa ya yi siriri kamar ƙwan kaza. Da yawa ba sa sanin suna da shi sai yatsan ya karye, wasu ma sai sun biya ta wurin mai ɗori kafin su iso ɗakin hoto. A ƙugu, haƙarƙari ko allon kafaɗa kuwa, ka ɗauke shi ciwon kansa ne har sai an wanke shi. Dogayen ƙasusuwa, cinya da damtse da ƙwauri, nan rikicin yake. Shi ya sa a rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, mai mataki na 1, wato mafi ƙarancin muni, in a hannu ko ƙafa yake, ba a kiransa kondirosakoma, sai a ce ƙarin guringuntsi ne mai saɓa wa al'ada.

A dogon ƙashi, ɓawo ne alƙali. Enkondiroma yana kwance cikin ɓargo, in ya taɓa ɓawon daga ciki, lasa ce kawai. Kondirosakoma yana ƙwaƙule shi: in ramin ya wuce kashi biyu bisa uku na kaurin ɓawon, musamman in ya bi yawancin tsawon ƙarin, to hankali ya tashi. Eksire yana yaudara a nan, domin ramin da ke gaba ko baya yakan ɓuya a hoton fuska ɗaya. CT, wato eksiren da ke nuna ƙashi yanki-yanki, shi ke auna shi daidai. Ɓawon da ya yi kauri a kewayen ƙarin, ko ya fashe har tsoka ta samu dunƙule, wannan ba aikin enkondiroma ba ne. Girman da ya haura santimita 5 ma abin lura ne, amma girma shi kaɗai ba hujja ba ce.

A MRI, wato hoton maganaɗisu, duka biyun suna haske a T2 (salon hoton da ruwa ke haske), curi-curi. Nemi tsibiran kitsen ɓargo tsakanin curin a T1 (salon da kitse ke haske): in suna nan, alama ce mai daɗi. In ƙarin ya shafe su, ga kumburin ruwa a ɓargon da ke kewaye, ya karkata ga kondirosakoma.

Ciwon shi ne mai wuyar sha'ani. Mai shekara 52 tana iya fama da zaizayewar gwiwa, enkondiroman kuma yana zaune abinsa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ana cin karo da enkondiroma a kusan 3 cikin 100 na MRI ɗin gwiwa. Ciwon da ke tashe ta cikin dare, ko ta huta bai lafa ba, shi ne abin tsoro. In an yi allurar kashe zafi cikin gaɓar, ciwon ya ɗauke, to daga gaɓar yake.

Kada a yi gaggawar yankan nama don gwaji. Ƙari ɗaya yana iya zama mai lafiya a wani gefe, mugu a wani, allura kuma ta faɗa gefen lafiya. Wanda zai yi tiyata shi ya kamata ya zaɓi hanyar allurar, tunda za a yanke hanyar tare da ƙarin, kuma kondirosakoma ba ya jin kemo (magungunan kansa) ko gashin radiyeshan sosai.

Game da wannan mata: in ɓawon lafiya lau, a maimaita MRI bayan wata 6 zuwa shekara, a ajiye tsohon hoton don kwatantawa. In akwai ƙwaƙula mai zurfi, a tura ta asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙashi na Dala da hotunanta duka, ba takardar rahoto kaɗai ba.