Na sayi mota mai ƙofa biyu ina aji uku, ga yadda muka kwashe da ita

Tun ina sakandare nake son ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu, waɗanda ke kwanciya a ƙasa kamar za su lashi kwalta. Bayanansu ma haddacewa na yi. Na san Toyota 86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ sun fito a 2012 da inji lita 2 da ƙarfin doki wajen 200, kuma tayoyin baya ne ke tura su. Na san Nissan 350Z ta 2002 kujera biyu ce kacal, na san Ford Mustang tun 1964 take kan hanya. Shi ya sa da na shiga aji uku a jami'a, na haɗa abin da na tara a aikin hutu da abin da yayana ya cika mini, ban ko kalli motocin ƙofa huɗu ba. Wadda na samu ba ta cikin waɗanda na lissafa, amma ajinsu ɗaya. Ta hannu ce, shekararta takwas, giyar hannu shida, tayar baya ke ja. Duk mai neman irinta ya san abin da ake cewa a kasuwa, ba sai na faɗa ba.

Ranar da na kai wa kawuna ita ya sa albarka, sai da ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya ce, "Ɗana, Allah ya tsare. Amma kuɗin da ka biya yau kafin alƙalami ne kawai." Na ce, "Kawu, na yi lissafi." Kuma da gaske na yi, sai dai lissafin mai da baƙin mai na yi, na tsaya a nan.

Gaskiya ɗaya ce, motar tana da daɗin tuƙi. Wanda bai taɓa zama a irinta ba ba zai gane ba. Kujerar tana ƙasa sosai, ta rungume ka ta gefe da gefe, sitiyarin kuma da ka ɗan karkata shi motar ta amsa nan take. Nauyinta yana ƙasa, don haka a kwana ba ta tangaɗi irin na manyan motoci, sai ka ji ta manne da hanya. Ba gudu ne ya fi burge ni ba, don ni ba mai taka totur ba ne. Abin da ya kama zuciyata shi ne yadda ko a kilomita 60 kake jin kai ke tuƙi da hannunka. Ranar da lakca ta gajiyar da ni, in na shiga na tayar da ita na ji ƙarar injin, sai in ji gajiyar ta ragu. A wata shida na farko, duk ɗalibin da ya tambaye ni, ce masa nake yi in yana da hali ya saya kada ya yi jinkiri.

Har a lokacin akwai abubuwan da ke ɗan tsikarina, na kawar da kai. Littafinta ya ce fetur mai octane mai yawa take sha, wato mai jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokaci ba, saboda injin yana matse mai da iska sosai, in ka zuba na kowa da kowa sai ya fara ƙwanƙwasa ko ƙarfin ya ragu. To, wannan ya fi tsada, kuma ba kowane gidan mai ake samu ba. Inshora ma haka. Matashin da bai kai 25 ba, ga kuma motar gudu, masu inshora da yawa a sahun masu haɗari za su sa ka. Na biya, na ce ai kowane abin so da nasa nauyin.

Sai ranar jarrabawa ta zangon farko a aji huɗu. Kwas ne mai nauyi, ƙarfe takwas za a shiga. An kwana ana ruwa. Na fita tun bakwai saura, na ɗauki abokina da muke kwas ɗaya, muna tafe yana karanto mini tambayoyin bara. Ban wuce kilomita 50 ba, na rantse. Akwai wani wuri da ruwa ya kwanta a gefen dama, na ɗauka kwanciyar ruwa ce kawai, ashe rami ne a ƙasa. Tayar gaba ta ɗan shafi bakinsa ta wuce, ta baya ta faɗa ciki gaba ɗaya. Ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Kafin in yi mita ɗari bayan motar ya fara ja gefe guda.

Na tsaya na fito. Tayar ta kwanta, gefenta ya tsage kamar an sa wuƙa, bakin rim ɗin kuma ya lanƙwashe. Abin da ya fi ƙona mini rai, ina tsaye a wurin motoci uku na gani da idona sun faɗa ramin nan, tsofaffin motoci na kowa da kowa, suka yi tsalle suka wuce abinsu. Daga baya na fahimci dalili. Tayata 225/40 ce a kan rim inci 18. Ma'anar lambar ita ce faɗin tayar milimita 225, tsayin gefenta kuma kashi 40 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 90. Tayar ƙaramar mota ta gida, irin 195/65 a rim 15, gefenta ya kusa milimita 127. Wannan bambancin na kusan santimita huɗu shi ne katifar da ke tsakanin rim da bakin rami. Siririn gefen nan shi ke sa motar ta manne a kwana, shi ne kuma ya sa rami ɗaya ya cinye mini taya da rim a lokaci guda.

Na ce ba komai, minti goma mun canza. Na buɗe but na ɗaga shimfiɗar. Babu safaya. Wata goma sha ɗaya ina tuƙa motar ban taɓa ɗaga wurin ba, dillalin da ya sayar mini ma bai ce uffan ba. Abin da ke wurin ƙaramin famfon iska ne da kwalbar ruwan liƙe huji. Ruwan nan yana aiki ne in ƙusa ta huda fuskar tayar da ke taka ƙasa, huji ƙarami. Tsagewar gefe ba ruwansa da ita. Na sani, amma duk da haka na zuba, na kunna famfon, ina kallo farin ruwan yana tsiyayowa ta tsagar yana bin kwalta.

Bakwai da kwata ta yi. Abokina ya ce, "Mu bar ta mu tafi, in mun fito ma dawo." Na tsaya ina juya maganar. Wurin kwana ne, babu gefen hanya na kirki, motar kuma gajeriya ce, babbar mota za ta iya kwasarta ba ta gan ta ba. Duk abin da na mallaka a duniya yana zaune a kan tayoyin nan huɗu. Na ce ya tafi, zan biyo shi. Na kira janwe. Ya ce minti ashirin, ya zo bayan minti hamsin. Da ya zo kuma sabuwar rigima: gaban motar bai fi tafin hannu da rabi daga ƙasa ba, in aka ja ta kan gadon janwen bamba zai karce. Sai da ya nemo katako biyu ya shimfiɗa, aka hau da ita a hankali, kuma duk da haka na ji ƙasan bamban ya gurza.

Na isa ɗakin jarrabawa tara saura minti goma. Mai sa ido ya dube ni, ya dubi agogo, ya ce lokacin shiga ya wuce, kuma bai yi laifi ba, dokar a rubuce take. Na zauna a matakala hannuna duk baƙin taya, ina jin ana juya takardu a ciki. Kwas ɗin da na yi wata uku ina karantawa, yanzu sai baɗi. Har yau in na tuna zaman nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Mai faci ya duba ya girgiza kai, ya ce gefen taya ba a yi masa faci, wanda ya yi maka ma so yake ta fashe da kai a hanya. Na zaga shago biyar, girman tayar babu, sai an aiko. Bakanikena ya ce tunda ɗayar ta baya ta riga ta ci rabi, ba daidai ba ne a haɗa sabuwa da tsohuwa a inda ƙarfin injin ke sauka, biyu zan saya. Rim ɗin aluminiyam ne, da aka zo miƙewa sai tsaga ta bayyana, shi ma sabo. Aka ƙara da gyaran alaimen, don dukan ya karkatar da ƙafar. Kwana tara motar tana gareji. Kuɗin da na ajiye don kwamfutar aikin kammala karatu, shi ya tafi gaba ɗaya, har na ƙara da rance a wurin yayana. Tsalle ɗaya na yi na faɗa rijiya, ga shi har yanzu ina ta tsalle ban fito ba.

A kwana taran nan da nake hawa motar haya, sai duk abubuwan da na danne suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kujerun baya suna ne kawai. Ranar da mahaifiyata ta zo duba ni tare da ƙanwata, sai da na tura kujerar gaba, ƙanwata ta lanƙwashe ta shiga gwiwoyinta a ƙirji, Umma kuma da ciwon gwiwarta sai da na riƙe hannunta ta sauka cikin kujerar, fitowa ma sai da na ɗago ta. Ba ta ce komai ba, shirun ne ya fi damuna. Ƙofofin kuma dogaye ne, a filin ajiye motoci na makaranta inda ake matsewa, in an tsaya kusa da kai sai ka zame ta gefe kafin ka fito. Ƙarshen zango da zan kwashe kaya daga hostal, sawu uku na yi, akwatin ƙarshe ma a motar wani ya tafi. Tudun rage gudu kuwa, cikin makaranta kaɗai akwai bakwai kafin in kai sashenmu, kowanne sai na hau shi a karkace kamar mai tsallake ƙwai, na baya suna ta hon.

To, ta cancanci kuɗinta? In maganar mota ce kawai, e, ta cancanta, abin da aka ƙera ta don shi tana yin sa ba ha'inci. Amma ga ɗalibi irina, a'a. Ban ce ga kowa ba. Wanda yake da albashi a gefe, ko gidansu akwai wata motar da zai ɗauka ranar da wannan ta kwanta, kuma zai iya fitar da kuɗin taya biyu da rim ba tare da ya taɓa na karatu ba, ya saya ya more. Ni abin da ban gane ba a farko shi ne ɗalibi bai da rarar kuɗi, bai da rarar lokaci, ita kuma motar nan duka biyun take nema. Wanda ya nace sai ya saya, don Allah ya ɗaga shimfiɗar but tun a gaban dillali, ya karanta lambar da ke gefen taya ya tambayi masu sayarwa ko ana samunta kusa, ya kuma tambayi kuɗin inshora kafin ya biya ko sisi.

Na sa ta a kasuwa wata biyu da suka wuce. Masu zuwa duk samari ne sa'annina, su zauna a kujerar, su riƙe sitiyari, in ga a fuskarsu abin da na ji ranar farko, sannan su yi tayin da ba zan iya karɓa ba. Kowannensu sai na buɗe masa but na nuna masa wurin da babu safaya, na ba shi labarin ramin. Biyu sun fasa saboda haka. Safayar ma na sayo yanzu, tana kwance a but ta cinye rabin wurin.

Jiya da yamma na kai ta wanki, a hanyar dawowa na bi ta wata doguwar kwana, na sauko giya ta uku, motar ta kwanta ta bi layin kamar an zana mata. Sai da na ji raina ya ce in janye tallar. Da na iso na tarar da saƙon yayana yana tambayar yaushe zan fara biyan rancen, ga kuma takardar sake rajistar kwas ɗin nan a kan tebur. Akwai wanda zai zo ganinta ranar Asabar, in tayinsa ya matso kusa zan ba shi makullin.