Fentin 1 Shot a zanen salon allunan Meziko

Mai zanen zamani da ke bin salon rótulos, wato allunan shaguna da ake rubutawa da hannu a Meziko, yana buƙatar fenti mai ƙyalli da ke rufe wuri tsaf. Irin zanen ne hukumar gundumar Cuauhtémoc da ke birnin Meziko ta sa aka goge daga rumfunan titi a 2022, abin takaici.

1 Shot fentin mai ne na Amurka, kuma ya dace da aikin. Baƙi da ja suna rufewa da shafa ɗaya. Rawaya kan nemi biyu, musamman bisa shuɗi. A juya shi da tsinke, kada a girgiza gwangwanin, don kumfa na ɓata gefen harafi. A tsiyayi kaɗan a kofi, a ɗiga tafentain, ruwan da ke tsinka fentin mai, har burushi mai gashin kurege ya riƙa tafiya sumul. In ya yi kauri, sama ta bushe ƙasa na ɗanye, sai ya yamutse.

Inuwar harafi kuwa, a bari sai washegari. Kada a shafa fentin kan ɗanyen ƙyalle, man zai cinye zaren. A fara da gesso, wato farin shafen share fage da ake yi wa ƙyalle kafin zane. 1 Shot yana da tsada da ƙarfin wari, a buɗe tagogi.